Jan Ganyen Auta

In ka tambayi Tela, zai ce maka 'ya'ya uku Allah ya ba shi, amma matarsa huɗu gare ta. Ta huɗun a tukunyar ƙasa take zaune, a jikin tagar falo, ba ta cin komai sai ruwa da haske, kuma duk gidan babu wanda ya kai ta samun gata. Kuroton ake ce wa irin wannan shuka. Ba ta da wani fure na a zo a gani, ganyenta shi ne kwalliyarta, faffaɗa mai kauri, yana sheƙi kamar an shafa masa mai. Na sama rawaya ne da ratsin kore, na tsakiya ruwan goro, na ƙasa kuwa, tsofaffin, ja jawur. Tela ne ya raɗa mata suna Auta don tsokana, sunan kuma ya bi ta, har autar gidan ta gaskiya ta gaji da ƙorafi ta haƙura.

Matar tasa malamar firamare ce da ta ajiye aiki, kowa Malama yake ce mata, har shi kansa. Ɗan reshe ta karyo tun tana sabuwar malama, ta tsoma a kwalbar ruwa har ya yi saiwa, ta dasa. Yara suka girma suka watse, Auta tana nan inda aka ajiye ta, ta kusa kai wa Malama kafaɗa.

Doka ɗaya ce a kanta, kuma Malama ba ta gajiya da maimaita ta. "Auta ba ta son yawo. Ka matsar da ita, ta yi fushi ta zubar da ganye. Ka hana ta haske, ta wanke kwalliyar ta koma kore."

Shi kuwa yana can kan kekensa na ɗinki a lungun falon, zare a baki, sai ya ce, "Na ji, Malama. Za a yi jarrabawa ne a kai?"

"Da za a yi, da ka faɗi."

Gaskiya ta faɗa. Maganar ta bayan kunnensa take bi. Mutumin kirki ne Tela, amma irin mazan nan ne da ke zaton duk abin da mace ke yi da tukunya da ruwa wasa ne. Abin da yake tinƙaho da shi ɗaya ne, wato idonsa a kan launi. Ka kawo masa yadi, zai zaro maka zaren da ya dace ba tare da ya gwada ba. Kuma ba ya yi wa kowa kara. In kalar ba ta karɓe ka ba, a gaban idonka zai faɗa, ko da kuwa za ka kwashi kayanka ka tafi wurin wani. Malama takan ce, "In Tela ya ce abu ja ne kai kuma kana ganin baƙi, to, je ka wanke idonka."

Ciwon suga ne ya shiga mata ido. Da sanɗa ya shigo. Ƙananan rubutu suka fara ɓace mata, daga nan manya, daga nan fuskokin mutane suka koma kamar ana hango su ta cikin gilashin da tururi ya rufe. Abin da ya rage mata shi ne launi mai ƙarfi. Sai ta mayar da Auta ma'auninta. Kullum da safe za ta dafo bango ta zo ƙofar falo, ta tsaya, ta fuskanci taga, ta ƙura ido.

"Ina ganin jan," za ta ce. Sai ta sauke ajiyar zuciya ta nemi kujera. "Muddin ina ganin jan Auta, da sauran idona."

Da abin ya yi tsanani, likita ya ce sai an yi aiki. Aka kwantar da ita. Ya ce in ta koma gida ta zauna a ɗaki, a sauke labule, kada haske mai ƙarfi ya dame ta, a riƙa ɗiga magani, kuma lallai a dawo ranar da ya sa.

A kwanakin da take asibiti ne dabara ta faɗo wa Tela. Yana zaune a falo shi kaɗai, gidan tsit, ya dubi shukar, ya ce a ransa, baiwar Allah za ta dawo ta kwanta a ɗaki, wa zai kai ta falo kullum ta ga jan nan? Ai gara jan ya je ya same ta. Ya ji daɗin wannan tunani ƙwarai, har yana yaba wa kansa. Ya tattare hannun riga, ya rungumi tukunyar, ya yi ta nishi yana ja yana hutawa. A bakin ƙofa wani ƙaramin reshe ya karye, farin ruwa kamar madara ya ɗiga masa a hannu, ya wuni yana susa. Bayansa kuma ya riƙe. Amma ya kai ta, ya girke ta a ƙarshen gado, daidai inda idon mai kwance zai sauka.

Ranar da aka cire mata bandeji a gida ta kwana. Da safe ta buɗe ido a hankali, ta daɗe tana kallon ƙarshen gadon.

"Tela, me nake gani ja a can?"

Ya washe baki. "Ki canka."

Ta juyo gare shi. "Ɗauko ta ka yi?"

"Ni kaɗai kuwa. Don kada ki sha wahalar fita."

Ta yi niyyar yi masa faɗa. Ta ji yadda yake jan numfashi in zai zauna, ta san bayan ne. Mace ce mai faɗa a aji, amma ba ta iya kashe wa mutum gwiwa a kan alherinsa ba. Sai ta ce, "Sannu da aiki. Bayan naka fa?"

"Da sauƙi."

"To, tunda an riga an kawo ta, a bar ta nan, kada a sake jijjiga ta. Ka riƙa duba mini ita. In ka ga ta fara zubar da ganye ka gaya mini."

"An gama," in ji shi.

Ba a daɗe ba ganye na farko ya faɗo. Ganyen kuroton yana da nauyi, in ya faɗi kan siminti ana jin ƙararsa. Allah ya sa Malama tana barci. Tela ya tsince shi, ja ne, lafiyayye, ba ko tabo. Ya juya shi a hannu, ya cusa a aljihu. Washegari ya tarar da wasu. Abin haushi, jajayen ne ke fara zuba, domin su ne tsofaffi. Ya ɗauko ragowar yadi mai kauri ya shimfiɗa a gindin tukunyar don kada a ji ƙarar faɗuwarsu, kullum kuma kafin ta farka ya tsince su ya kai kwandon ƙyallaye ya tura can ƙasa. Ya ƙara mata ruwa, wai ko ƙishi ne. Abin ya daɗa lalacewa. 'Yan sababbin ganyen da suka fito a sama kuwa kore shar suka fito, ba ɗigon rawaya balle ja.

Sai a lokacin karatun Malama ya dawo masa kai, kalma bayan kalma, da muryarta da komai. Amma ya dawo a makare.

Wata safiya ta ce, "Yau ban ga jan sosai ba."

"Hadari ne a gari, ɗakin ya yi duhu."

Bayan kwana biyu ta sake ƙura ido, ta matse su, ta buɗe, ta karkata kai dama da hagu. Yana tsaye da kwalbar maganin ɗigawa a hannu.

"Tela."

"Na'am."

"Ka gaya mini tsakaninka da Allah. Ta zubar da ganye?"

Kai, jama'a! Nan ne fa wurin da ya kamata mutum ya buɗe baki ya ce, eh, ta zubar, ni na jawo, ki yi haƙuri. Da ta yi masa faɗa na yini ɗaya, an wuce wurin. Amma ya dubi matarsa kwance, ta rame, ido ya yi ja da magani, ya ce a ransa in ta ji Autarta na mutuwa, ita ma binta za ta yi. Kunya kuma tana ciki, kada mu ɓoye masa.

"Ko ɗaya," ya ce.

"Jan yana nan?"

"Yana nan. Jawur."

Mutumin da bai taɓa yi wa baƙo ƙarya a kan launin yadi ba, shi ne ya yi wa matarsa. Ita kuwa ba ta yi ko kokwanto ba. Don me za ta yi? Tela ne ya faɗa.

"To, shi ke nan," ta ce a hankali. Ta juya ta fuskanci bango.

Shi a zatonsa ya kwantar mata da hankali. Bai bi lissafin da ta yi ba, alhali lissafin ko ɗan aji ɗaya zai yi shi. Jan yana nan, ba ta ganinsa, ke nan idon ya tafi. Daga ranar ta daina buɗe ido sai dole. In ya zo da magani sai ta kau da kai.

"Me za ka ɗiga wa? Bar wahalar da kanka."

"Haba Malama, likita fa ya ce..."

"Likita ya yi iyakar ƙoƙarinsa. Allah ya saka masa."

Ranar komawa asibiti ta zo, ta ce ba inda za ta. Ya lallashe ta, ya yi fushi, ya dawo ya sake lallashi. Ta ce ba za ta je a yi ta haska mata fitila a idon da ya riga ya mutu ba. Sannan fa ya gane abin da ya aikata. Ya so ya faɗa, wallahi ya so. Sau da yawa yakan zauna a bakin gado ya ce, "Malama," ta ce, "Na'am," sai ya ƙare da tambayar ko za ta sha ruwa. Kullum yana cewa gobe. Ƙaryar kuma kullum ƙara girma take, har ta fi tukunyar nauyi.

Autarsu ta gaskiya ce ta fasa ƙwan. Tana aiki a wani gari, ta samu hutu ta zo duba uwarta. Yarinya ce mai baki, abin da ta gani shi take faɗa, halin uban ta ɗauko. Ta shigo ɗakin da sallama, ta rungumi uwar, ta juyo za ta ajiye jaka, sai ta yi turus.

"Innalillahi! Baba, me ya samu Auta?"

Tela ya shiga yi mata alama da hannu, yana girgiza kai, yana ɗora yatsa a baki. Ina! Bakin ya riga ya tafi.

"Ji yadda ta koma kamar sanda! Ina ganyen? Ɗan abin da ya rage ma kore ne kamar alayyahu."

Malama ta yunƙura ta tashi zaune.

"Maimaita abin da kika ce."

Yarinyar ta dubi uban, ta ga ya sunkuyar da kai. "Mama, cewa na yi..."

"Kama hannuna ki kai ni."

Ta kai ta. Malama ta ɗora yatsu a gindin shukar, ta bi karan a hankali zuwa sama. Duk inda ganye ya taɓa zama sai ta ji ɗan gurbi. Ta yi ta bi, gurbi bayan gurbi, har ta kai ga 'yan ganyen sama, ta murza ɗaya tsakanin yatsunta.

"Tela, kana nan?"

"Ina nan."

"Kawo mini wani abu ja. Ja na gaske. Ke kuma ɗage labulen nan."

Ya fita har yana tuntuɓe. Ya kinkimo kwandon ƙyallayen gaba ɗaya, ya zazzage a ƙasa yana neman ja, sai ga busassun ganyen da ya ɓoye sun zubo tare, suna ƙaras-ƙaras a kan siminti. Kowa ya ji. Ya zaro wani jan ƙyalle, ragowar rigar wata yarinya, ya ware shi a cikin hasken taga.

Malama ta kare ido da tafin hannu, hawaye na zuba saboda zafin hasken. Ta daɗe.

"Ina gani," ta ce. "Ga shi can. Wallahi ina gani!"

Ta fashe da dariya, dariyar ta juye kuka, ta koma ta zauna a bakin gado tana cewa, "Ashe ba ni ba ce. Ashe ba ni ba ce." Tela ya tsaya da ƙyalle a hannu yana jiran faɗa. Da ta yi masa, da ya samu sauƙi. Amma da ta share fuska, abin da ta ce kawai shi ne, "Tun da na aure ka nake yarda da idonka fiye da nawa."

Ya durƙusa yana tsince ganyen yana mayarwa kwando.

Washegari suka tafi asibiti. Likita ya daɗe yana haska idon, ya koma ya zauna, ya cire tabarau.

"Me ya hana ku zuwa ranar da na ce?"

Tela ya buɗe baki, Malama ta riga shi. "Ni ce na ƙi."

Likitan ya ce jini ya sake taruwa a bayan idon, maganin ma da alama an yi sakaci da shi. Za su yi abin da za su iya, amma ba zai yaudare su ba, ɗan ganin da ya rage tafiya yake yi. Tela ya tambaya ko da sun zo da wuri da an tsira. Likitan ya ce wannan Allah kaɗai ya sani, wasu ana zuwa a kan lokaci ma ya tafi. Tela ya riƙe rabin maganar da ke yanka shi, ya bar rabin da ke lallashi a ofishin.

A cikin mota Malama ta ce, "Abu ɗaya nake so. A mayar da Auta taga. Ina so in ga janta kafin a kashe mini fitila."

Shi da 'yar suka mayar da ita, daidai kan zoben da gindin tukunyar ya bari a siminti. Auta kuma, kamar yadda aka sani, ta sake yin fushi da wannan yawo na biyu, ta zubar da ɗan abin da ya rage. Ta zama sanda tsirara a cikin tukunya. 'Yar ta ce, "Mama, ai akwai masu sayar da irinta a bakin titi, jajaye masu kyau. Bari in je in ɗauko wata."

"In ja kawai nake so, ai ga ƙyallen babanki. Jan Auta na ce."

Hutu ya ƙare, 'yar ta koma bakin aikinta tana kuka. Gida ya rage daga Tela sai Malama sai sanda.

To, a nan ne Tela ya shiga aji da gaske. Malama tana kan kujera da baƙin tabarau, tana ba da umarni, shi yana bi kamar sabon ɗalibi.

"Tsoma yatsa a ƙasar. Da danshi?"

"Da ɗan danshi."

"To, ajiye butar. Kai komai sai ka cika. Kashe fankar nan kuma, iska na dukanta."

"Za a yi jarrabawa ne?" ya ce wata rana, yana gwada tsohon wasansu.

"Ana cikin yi," in ji ta.

Ya kankare ɓawon karan da farce yadda ta ce, ya ga kore a ciki, ya gaya mata, ta ce da rai ke nan. Suka yi ta jira. Rannan sai ga ɗan toho kamar kan allura, ya kira ta da ƙarfi har maƙwabta suka ji. Tohon ya buɗe, wasu suka biyo. Kore suka fito, sannan rawaya ta fara bin jijiyoyinsu. Yanzu ba ya ƙara ko ɗigo a kan abin da ya gani. In ta tambaya, sai ya ce, "Rawaya ce, mai haske, ba ta kai ruwan ƙwai ba." In ta ce, "Ja fa?" sai ya ce, "Babu tukuna."

"Ba ya zuwa sai ganye ya tsufa," takan ce. "Ba a yi masa gaggawa."

Ita shukar ba ta gaggawa, amma idon yana yi. Kullum da safe yakan ware jan ƙyallen nan su gwada. Da farko daga ƙofar falo take hango shi. Daga baya sai ya matso tsakiyar ɗaki. Daga baya sai ya zo gabanta, ya miƙa hannu. Yana matsowa da ƙyalle, yana waiwayen taga, yana ji kamar ya kama ganyen nan ya matse su su yi ja. Ya daina karɓar ɗinki. Abinci ma sai ta yi masa faɗa yake ci.

Wata rana da yamma tana gyangyaɗi a kujera, shaiɗan ya sake kawo masa dabara. Ya tsinto ganye ɗaya daga cikin busassun, ya ɗora a kan jan yadi mai sheƙi, ya zagaye shi da alli. Aiki ne mai sauƙi a wurinsa. Zai yanka, ya sa masa abin tauri a ciki, ya bi jijiyoyin da zare, ya ɗaura a kara. Daga inda take zama wa zai bambance? Ya ɗauki almakashi, ya fara yanka a hankali.

"Me kake yankawa?" Idonta a rufe, ba ta ko motsa ba.

Ya tsaya cak.

"Ka ce ka daina karɓar ɗinki. Kuma wannan ba yankan riga ba ne, ina jin almakashin yana zagaye."

Ya dubi yadin da ke hannunsa.

"Tela, ajiye almakashin nan. Sau ɗaya ya isa."

Ya ajiye. Ya kifa kai a kan keken, kafaɗunsa suna rawa. Ta lalubo ta zo inda yake, ta dafa masa ƙeya, ta bar hannunta a wurin. "Na san don ni ka yi," ta ce. "Duka biyun."

Ruwan goro ya shigo ganyen tsakiya. Gefen na ƙasa ya fara duhu. A 'yan kwanakin nan Malama ta ce a daina gwajin ƙyalle, wai yana gajiyar mata da ido, gara ta adana ganin don ranar. Ta koma zama a ɗaki, ta ce kada ya fito da ita sai jan ya nuna sosai, ba ta son rabi-rabi. Tela bai yi musu ba. Bai kuma tambaye ta abin da yake tsoron tambaya ba.

Ranar ta zo da safe, gari garau. Ya shigo falo da buta, rana ta faɗo ta taga ta sauka a kan Auta, sai ya tsaya da butar a hannu. Ganyen ƙasa sun nuna. Ja ne wanda duk shekarunsa na ɗinki bai taɓa samun zaren da ya kai shi ba, hasken ya ratsa ta cikinsa har ya zuba a kan siminti. Shukar nan ta yi shekara da shekaru a gabansa, yau ne ya fara ganinta.

Wannan karon bai taɓa tukunya ba. Kujera ya ɗauka ya ajiye a gaban taga, ya je ya kamo hannun matarsa.

"Malama, taso. Ya zo."

Ta sa ya miƙo mata ɗankwalinta mai kyau, ta ɗaura. Suka taho a hankali, ya zaunar da ita. Da ta zauna kujerar ta ɗan goce gefe, bai kula ba, hankalinsa yana kan fuskarta. Ta cire baƙin tabarau ta riƙe a cinya. Hasken da a da yake sa ta hawaye ya sauka mata a fuska, ko ƙiftawa ba ta yi ba.

Ta ƙura ido gabanta. Sannan ta yi murmushi.

"Kai! Ka ga ja," ta ce. "Na ƙasan nan sun nuna sosai. Ga ruwan goro a tsakiya, ga rawaya a sama. Tela, ka iya. Ka ci jarrabawa."

Duk abin da ta faɗa haka yake, ba kuskure ko ɗaya. Sai dai ba shukar take kallo ba. Fuskarta tana fuskantar bangon da ke gefen taga, inda babu komai sai farin fenti da ƙusar da ake rataya almakashi. Auta tana can hannun damanta, tana ci kamar wuta.

Tela ya dubi bangon, ya dubi matarsa. Ya cije leɓe don kada numfashinsa ya tona shi. Ta riƙe murmushin nan da ƙarfi, kamar yadda ya riƙe tasa ƙaryar a bakin gado, kuma ya san don wa take yi.

"Kana gani kuwa?" ta ce.

"Ina gani."

"Ya yi kyau ko?"

"Ya yi kyau, Malama."

Ya zagaya bayanta, ya kama kujerar da hannu biyu. "Bari in gyara miki zama, ƙafar kujerar ta hau tabarma." Ya juya ta a hankali, kaɗan-kaɗan, har fuskarta ta daidaita da shukar, jan hasken ya sauka a kan kumatunta. Sannan ya ɗauki hannunta ya ɗora a kan ganyen ƙasa, wanda rana ta ɗumama.

Ta shafa shi, ta bi jijiyar da yatsa har ƙarshe. Murmushin ya tafi. Ta san abin da juyin kujerar yake nufi.

"Wannan ne jan?" ta tambaya, da wata ƙaramar murya.

"Shi ne."

"To, gaya mini yadda yake. Kada ka rage, kada ka ƙara."

Ya jawo ɗan bencinsa na ɗinki, ya zauna kusa da ita, ya share ido da bayan hannu don ya gani da kyau, ya fara daga gefen ganyen.